Shekarar da Kaka Ta Sauke Tukunyar Daddawa

Jiya na yage ledar farin magi zan zuba a miya, sai ƙwayoyin suka zubo a tafin hannuna. Na tsaya ina kallonsu har miyar ta kusa kamawa. Kaka ce ta faɗo mini a rai.

A unguwar Jarwal ta Makka muka taso, a hawa na uku na wani tsohon bene. Kakata ta wajen uwa tana sayar wa alhazai tuwo da miyar kuka, da shi muke ci, da shi muke zaune a gidan. Daddawarta kuwa da hannunta take yi. Alhazan gida su kawo mata kalwa, ta dafa a saman bene, ta rufe ta bar ta ta ruɓa. Mu ƙanshi muke ji. Maƙwabta kuwa, wayyo! In zafin Makka ya bugi tukunyar nan, har mai kantin ƙasa sai ya toshe hanci.

Wata shekara, gab da aikin hajji, mai benen ya hawo da kansa yana haki. Ya ce, "Ya Hajja, halas, ya isa haka. Ko tukunyar nan ta sauka, ko ku ku sauka." Lokacin hajji fa! Ko lungu ba ka samu a garin nan, balle ɗaki. Ranar ko abinci Kaka ba ta iya ci ba.

Kawuna, mai ɗauko kaya daga Jidda a mota, shi ya zo mata da farin magi. Ta ture shi gefe. "Baƙin Allah zan ciyar da abin da ban san asalinsa ba? Wa ya sani ko ƙashi aka niƙa?"

Kawu ya nuna mata tambarin halal, ya gyara zama ya ba ta labarin da ya ji wajen 'yan kasuwa. Wai wani malami ne a Japan ya sha romon ganyen teku, daɗin ya hana shi sakat, sai da ya gano abin da ke kawo shi. Daga nan aka kafa kamfani. Yanzu ruwan rake suke bari ya ruɓa, su tace, su ɗura har a 'yan ƙananan ledoji yadda talaka ma zai iya saye.

Kaka ta dangwala da yatsa ta lasa. Sai ta ɗago ta dubi Kawu.

"Ruɓarwa suke yi? Ashe su ma daddawarsu ce. Sai dai tasu mai kunya ce, ba ta shiga gidan maƙwabta."

Washegari ta sauke tukunyar, ta yi miyarta da farin magi. Alhazai suka ci, suka suɗe kwano, har da neman ƙari. Ita kam ba ta taɓa cewa miyar ta kai ta da ba, kuma na san abin ya yi mata ciwo. Amma ba ta sake hawa saman nan da kalwa ba.

Yau babu benen nan, otal ne a wurin. 'Ya'yana Larabci ya fi zama a bakinsu, in suka ji daddawa sai su yamutse fuska, ni kuwa in yi dariya in zuba duka biyun, daddawa da magi. Ban ga laifin kowa ba, wallahi. Daga ɗakin nan aka kai ni gidan miji, kuma a cikinsa Kaka ta cika, a kan shimfiɗarta, ba wanda ya ce mata ta tashi.