Dokta Falmata ba ta ci kuɗin kowa ba

Dokta Falmata ta rasu.

Ina tsaye a bakin titi a unguwar Bulumkutu, nan Maiduguri, da safiyar nan ina jiran keke napep, sai wayata ta yi ƙara. Ƙanwarta ce, Yagana. Ta ce, "Rifkatu, Ya Falmata ta tafi." Ba ta ƙara komai ba ta kashe. Mai keke ya tsaya yana tambayata ina za ni, ni kuwa wayar kawai nake kallo, har ya gaji ya wuce.

An ce sai bayan azahar za a kai ta. Kafin nan ina so in faɗi abin da na sani.

Ga wanda bai san ta ba, masaniyar tattalin arziki ce, haifaffiyar Old Maiduguri. Ta yi karatu a waje, ta dawo gida a daidai lokacin da masu hali ke kwashe iyalansu zuwa Abuja da Kano. Ta buɗe wata 'yar cibiyar bincike a gidan haya, janareto ɗaya, fanka mai kuka. Ni ce mai kula da ma'aikatanmu masu fita ƙauyuka.

Ranar da na je neman aiki wurinta ba ni da komai sai takarduna a leda. Mutanenmu sun gudo daga kudancin Borno, iyayena suna kwana a harabar coci. Ban gaya mata ba, ita ce ta yi ta tambaya har na faɗa. Kafin sati ya zagayo ta kwashe kayan da ke ɗakin bayan gidanta ta ba Baba da Mama makulli. Mama tana yi mata godiya tana kuka, ita kuwa sai tambaya take ko Baba yana cin yaji.

A shekarun da zuwa coci ya zama abin fargaba, ba ta taɓa barin Lahadi ta wuce ba ta kira ni ba.

"Kin fito? To, shi ke nan."

Sai ta kashe. Ba ta son dogon surutu a waya.

Idan ta shigo ofis, ƙamshin turaren wuta ke riga ta isowa. Lafayarta kullum a gyare, takalminta kullum da ƙura. Takan zo da kular burabusko ta ajiye a tsakiyar tebur, wanda ya ce ya ƙoshi kuma sai ta ce ai ba tambayarsa ta yi ba.

Sai maganar tallafin nan ta zo.

Wata gidauniya ce ta ƙasar waje, ba zan kama suna ba. Suna so a bincika ko jarin da kamfanoni masu zaman kansu ke zubawa a wuraren da ake rikici yana amfanar talakawan wurin. Dokta ta sha wahala kafin su yarda a riƙe kuɗin a nan Maiduguri, don da farko so suka yi wani a Abuja ya riƙe, mu kuma mu zama 'yan aike. Ranar da suka amince ta shigo tana dariya kamar yarinya, ta ce yau dai mu za mu yi tambayar, mu za mu rubuta amsar.

Na ga yadda ta riƙe amanar nan. Ko ruwan leda aka saya sai an san na wane aiki ne. Wani babban mutum ya aiko a saka ɗan ƙanwarsa cikin ma'aikata, ya riƙa karɓar albashi daga gida. Ta aika masa da gaisuwa, ta ce yaron ya zo da safe da takalmin tafiya, za mu Khaddamari. Bai zo ba.

Ba ta taɓa tura mu inda ita ba ta fara zuwa ba.

A wajen Khaddamari akwai wani kamfanin shinkafa da ya zo da injina da famfunan ban ruwa. Gaskiya ya ɗauki mutane aiki, kuma ya gyara wata hanya, duk ta rubuta wannan ba ta rage ba. Amma da muka zauna da mutane a ƙofar gidan Bulama, wato mai garin, sai wata magana ta fito. Filin da kamfanin ya zagaye da waya gonakin mutanen da suka gudu ne. Suna sansanin gudun hijira aka sa hannu a takardu. Da suka dawo suka tarar da mai gadi.

Akwai wata dattijuwa, Ya Bintu. An kashe mijinta a farkon rikicin. Ta nuna mana wata tsamiya a cikin filin da aka zagaye, ta ce daga nan gonarsu ta fara. Yanzu a cikin gonar take aikin yini, idan an ɗauke ta, don wani lokaci sai a ce ta tsufa. Da Kanuri take magana, Dokta na fassara mini a hankali, can sai ta daina fassarawa. Na juya na ga ta cire tabarau tana goge shi da bakin lafaya, ta daɗe tana gogewa.

Kafin mu tashi Ya Bintu ta tambaya ko waɗanda suka aiko mu za su ji wannan maganar. Dokta ta kama hannunta ta ce za su ji.

A wata fitar, muna kan hanyar dawowa aka buɗe wa motarmu wuta daga cikin ciyawa. Direbanmu, Malam Kyari, mutum mai mata da 'ya'ya, harsashi ya same shi a kafaɗa. Da hannu ɗaya ya ci gaba da tuƙi har muka iso shingen sojoji. Da ya tsaya, da ba ni nake rubuta wannan ba.

Da muka sanar da masu tallafin, sun ce sun yi baƙin ciki ƙwarai. A cikin imel ɗin kuma suka tambaya ko bayanan da muka tattara suna nan lafiya, da ko wannan zai jinkirta rahoto.

Likitoci suka ce sai an yi masa aiki a Kano, in ba haka ba zai rasa hannun. A cikin kasafin babu inda aka tanadi jinyar wanda aka harba. Amma akwai kuɗin wani taro da za a yi a otel, da abinci da jakunkuna masu tambari. Dokta ta nemi izinin juya kuɗin taron zuwa jinya. Suka ce sai kwamiti ya zauna. Ta sake rubutawa, suka ce kwamitin yana hutu. Hannun Malam Kyari kuwa ya fara wari.

Ta biya asibiti da kuɗin taron. A ranar ta rubuta musu cewa ga abin da ta yi, ga dalili, ga rasit. Ba su ce komai ba.

A lokacin ba su ce komai ba.

Sai da ta aika da rahoton farko.

Aka kira taro ta bidiyo. Ina zaune a gefenta, janareto na ta ƙugi, muryarsu na yankewa. Jami'in da ke kula da mu, mutum mai fara'a da yawan godiya, ya yabi aikin sosai, sannan ya ce babin gonakin nan yana da nauyi. Wai manufar shirin ita ce a ƙarfafa wa masu jari gwiwa su shigo irin waɗannan wurare, kuma irin wannan labari zai iya tsorata su. Ko za a mayar da shi ƙarshen rahoto, a rage shi, a kira shi rashin fahimta tsakanin kamfani da al'umma? Daga baya muka ji cewa masu kamfanin suna cikin waɗanda za a gayyata ranar ƙaddamar da rahoton.

Dokta ta bari ya gama. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ban hana kowa zuwa ba. Su zo, muna bukatarsu, yaranmu ba su da aiki. Amma tambaya kuka ba ni in amsa, ba talla kuka ba ni in yi ba. Matar nan a gonar mijinta take ƙwadago. Da wane suna kuke so in kira shi?"

Ya ce ya fahimta, kuma yana girmama ra'ayinta.

Ba a yi nisa ba suka tuna da kuɗin taron otel.

Suka dakatar da tallafin, wai an kashe kuɗi ba bisa ƙa'ida ba. Suka turo masu binciken kuɗi, waɗanda suka sauka a otel kusa da filin jirgi suka ce a kai musu fayil can, don ba a ba su izinin shiga cikin gari ba. Ni na ɗauki fayilolin a keke napep na kai.

Ku da ke garin nan kun san sauran. Kafin wata ya ƙare magana ta bazu cewa Dokta Falmata ta cinye kuɗin Turawa. A gidan biki na ji da kunnena wata tana cewa ai ta sayi gida a Abuja. Wani da ta taɓa rubuta wa takardar shaida har ya samu karatu a waje ya ce dama ya daɗe yana zarginta. Waɗanda ke kiranta ta yi jawabi a taro suka manta lambarta. Matar da ke hawa tsohuwar mota mai ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa.

Masu binciken sun gama, ba su samu komai ba sai abin da ita da kanta ta rubuta musu tun farko. Suka aiko da gajeren imel cewa an rufe maganar. Babu haƙuri, babu sanarwa. Zargin ya zagaye gari, wankewar kuwa mu kaɗai muka gan ta a kwamfuta.

Tallafin bai dawo ba. An ba wani kamfani a Abuja ya ƙarasa aikin da bayanan da muka tattara. Ko sau ɗaya ba su taka Khaddamari ba.

Rahoton ya fito da takarda mai sheƙi. A bangonsa ga hoton Ya Bintu tana murmushi, riƙe da damin shinkafa, an rubuta a ƙasa cewa tana cikin matan da jarin ya canza wa rayuwa. Ni na ɗauki hoton nan. Dokta ce ta tsokane ta da Kanuri ta ce ko za ta sake aure, shi ne ta yi dariya. Sunan Dokta yana can shafin ƙarshe, cikin waɗanda aka gode wa saboda taimako a wajen tattara bayanai.

Ta rufe cibiyar. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana kiran mutane a waya har kowa ya samu inda zai kama. Malam Kyari bai sake iya tuƙi mai nisa ba, amma hannunsa na nan, da shi yake auna gero a shagonsa.

Ba zan ce su suka kashe ta ba. Ciwon ƙoda ne, kuma rai na Allah ne. Amma na ga yadda ta koma bayan abin nan. Mace mai cika ɗaki da murya ta zama sai ka matso kafin ka ji ta.

Ganina da ita na ƙarshe a gidan mahaifiyarta ne a Old Maiduguri, ta dawo daga wankin ƙoda. Tana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, ƙafafunta a kumbure, amma sai da ta sa Yagana ta kawo mini shayi, ta tambayi Baba da Mama, ta tambayi hawan jinin Mama. Na ba ta labarin cewa an fitar da sanarwar wani sabon tallafin bincike, kuma na rantse ba zan sake neman kuɗin mutanen nan ba har in mutu.

Ta harare ni, irin hararar da.

"Ki nema. Idan ba ki nema ba wani zai zauna a Abuja ya rubuta mu yadda ya ga dama. Amma tun ranar farko ki sa su rubuta wanda zai biya idan an harbi direba."

Na yi dariya, ita ma ta yi, har tari ya kama ta. Da ya lafa ta ɗaga kai ta kalli rumfa. Ta ce sunanta da aka ɓata bai dame ta kamar yadda nake zato ba.

"Matar nan ce. Na riƙe hannunta na ce za a ji."

Na gyara mata filo, na ce zan dawo ranar Asabar. Ta ce in zo mata da lemon tsami.

Lemon yana nan a jakata.

Tun ɗazu nake ganin hotonta yana yawo a shafukan sada zumunta. Uwa, jaruma, babban rashi ga Borno. Wasu daga cikin masu rubuta haka na san bakin da suka yi magana da shi tana raye. Ba zan kira sunan kowa ba, yau ba ranar wannan ba ce, kuma da tana nan da ta hana ni. Abu ɗaya nake roƙo. Idan ka taɓa cewa ta ci kuɗi, ko aka faɗa a gabanka ka gyaɗa kai, ka koma majalisar da aka faɗa, ko gidan bikin, ko zauren WhatsApp ɗin, ka ce ba gaskiya ba ne. Ta bar 'ya'ya mata biyu da za su rayu a garin nan da sunanta.

Ni Kirista ce, ita Musulma ce, kuma ban taɓa samun yaya kamarta ba. Ya Allah, ka san abin da ta yi da abin da aka yi mata. Ka yafe mata kurakuranta, ka sanyaya makwancinta, ka ba ta hutun da ba ta samu a nan ba. Ka riƙe mahaifiyarta da 'ya'yanta da Yagana. Ka mayar wa Ya Bintu da mutanenta gonakinsu. Ni kuma ka cire mini wannan ɗacin, don ni kaɗai na kasa.

Wanda ya karanta har nan, don Allah kada ka wuce haka. Idan za ka yi sallah ka sa ta a ciki, idan coci za ka ka ambace ta. Sunanta Falmata.