Rabin Tankin Baba Birki

Da hantsin Laraba, 12 ga watan Yuni, muna shanya tiyo a farfajiyar tashar kashe gobara aka bugo waya daga asibiti. Baba Birki, tsohon direbanmu kuma mai gwada direbobi, ya rasu bayan jinyar wata biyu. Mu na Allah ne, kuma wurinSa muka nufa.

Baba, shekara ashirin da shida ka yi riƙe da biron da kowa ke shakka. A aikinmu lasin babbar mota kaɗai bai isa ba, sai mai gwaji na tasha ya sa hannu kafin ɗan kwana-kwana ya zauna bayan sitiyarin jar mota. Da ka yi ritaya biron ya dawo hannuna. Yanzu haka takardar ɗanka Auta tana kan teburina babu sa hannu, kuma ita ce ta hana ni sakat a makonnin nan.

Ina tuna ranar da na kawo maka lasina. Na yi shekara biyar ina jan tifar yashi kafin in shigo wannan aiki, ina ganin duk duniya ba mai koya mini tuƙi. Ka juya katin gaba da baya, ka ce, "Hoton ya yi kyau, Dogo. Je ka zubar da rabin ruwan tanki." Ban gane nufinka ba sai a kwanar bayan garejin. Yashi yana zama inda aka loda shi. Ruwa kuwa, in tanki rabi ne, kai ka karya dama shi ya yi hagu da dukkan nauyinsa. Na taka birki a tsakiyar kwana, ruwan ya maki gefen tanki, tayar baya ta rabu da ƙasa. Da muka tsaya, ka ce, "Mutum biyar ne a bayanka, kuma gidan da ya kira mu yana can yana ci da wuta."

Sau uku ka kayar da ni. Na yi fushi, na daina gaishe ka, na riƙa cewa tsohon nan hassada ke damunsa. Kai kuwa ranar hutunka ka zo da tsohon kekenka, ka jera tsofaffin tayoyi a fili, ka kira ni kamar ba abin da ya faru. Ka ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mota ba ta cika zuwa gobara ta biyu da cikakken tanki ba. Ka koya mini rage gudu tun kafin kwana, da yin ribas da madubi kaɗai, da cewa jiniya roƙon hanya take yi, ba ta ba ni hanyar ba. A kujerar gefen direba babu birki, amma ka yi ta taka wurin har ƙarfen ya lotsa. Daga nan sunanka ya samo asali, kuma ba ka taɓa jin haushinsa ba. Wallahi ina kewar waɗannan ranaku.

Auta ya shekara takwas yana riƙon tiyo, ya samu lasinsa bara, kuma kowa ya san burinka ka ga ya ja motar da ka ja. Mako uku da suka wuce na gwada shi da rabin tanki, ruwa ya buge shi a wannan kwanar dai. Kuskuren bai kai nawa ba, kuma likita ya riga ya gaya mana gaskiyar halin da kake ciki. Na ce a raina wa zai sani? Ranar Juma'a na zo duba ka da takardar a aljihu, da niyyar in sa hannu a gabanka ka yi farin ciki.

Na miƙa maka ita, ka dube ta, ka dube ni. Muryarka da ƙyar take fita.

"Rabin tanki?"

"Rabi, Baba."

"Ya taka a kwana?"

Na gyaɗa kai. Ka mayar mini da takardar, ka ce, "Ni ka zo yi wa alheri da rayukan mutane? Mayar da biron aljihu, ɗana."

Haka ka tafi ba ka ga Auta a kan sitiyari ba, kuma da hannuna aka hana ka. Abin yana ci mini rai, amma na san da na sa hannun, da ban iya tsayawa a kan gawarka ba.

Allah Ya jiƙan ka, Baba, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Kamar yadda ka ƙare rayuwarka kana kare bayinSa daga wuta, Allah Ya nisanta ka da ita. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yanka mata uku, da dukkan abokan aiki. Kai kuma Auta, ƙanena, Allah Ya ba ka haƙuri, ka kuma yafe mini. In ka dawo aiki za ka same ni a fili ranar hutuna, kuma ba zan sa hannu ba sai ranar da na tabbata da Baba ne da kansa, da ya sa.