Ƙafar Neville

Yayana Neville Pascoe ya tsufa yana ɗage ƙafa daga totur. Ni ce mai gasa nama kusa da layin ƙarshe a filin tseren motoci na garinmu, bayan gonakin rake, don haka a kunnena ake yin abin duk Lahadi.

Mota biyu ne kan miƙaƙƙiyar hanya, fitila ta yi kore kowa ya taka. Sai dai filin yana da doka: wanda ya iso layi cikin ƙasa da daƙiƙa goma sha ɗaya, ba zai sake hawa ba sai likita ya duba shi. Neville kuwa zuciyarsa ta taɓa tsayawa a masana'antar sukari, ya san babu likitan da zai sa masa hannu. Ga jar motarsa ƙirar Holden da ya haɗa da hannunsa ta fi ƙarfin dokar nesa ba kusa ba. Sai ya taso kamar zai tsaga kwalta, dab da layi in ji kukan injin ya faɗi. Abin yana ƙona min rai.

Lorraine, mai baƙin babur, ba ta raga masa. "Tsoho, ka sayar min da ita mana, baiwar Allah ta samu ta numfasa!"

"Ke dai riƙe kekenki," in ji shi.

Bara matarsa ta matsa su koma birni kusa da asibiti. Lahadinsa ta ƙarshe ya zo rumfata, ya ɗauki nama da burodi bai ci ba.

"Noelene, yau zan taka ta har ƙarshe. Su kore ni, ai dama tafiya zan yi. So nake in san iya gudunta."

"Yaya, zuciyar fa?"

"Ta sha hutu, ya ishe ta."

Labari ya bazu, har Lorraine ta hau kan shinge tana ihu. Koriyar fitila ta kama. Ban taɓa jin motar ta yi kuka irin na ranar ba, na bar nama yana ƙonewa. Dab da layi, kukan ya faɗi.

Na same shi zaune a motar, bai ko cire hular kwano ba, ya ƙura wa ƙafarsa ido.

"Wallahi ban ɗaga ba, Noelene," ya ce. "Ita ta ɗaga kanta."