Ranar da Ticha Ya Ce Yayana Ya Wuce

Ni dai ba don ina da kai aka sa ni makarantar gwamnati ba. Sarkin Zongo ne ya aiko wa masu gidaje cewa Bature yana ƙorafin ba ya ganin ’ya’yan Hausawa a aji. Babanmu ya duba cikin gidansa, ya ba da yayana saboda yana da kai, ya haɗa da ni saboda na ishe shi a rumfar goro. Ya ce ko ba komai, bulalar can ta rage masa aiki.

Ajin cike yake da ’ya’yan Asante da na Fanti, waɗanda iyayensu akawuna ne ko masu gonar koko. Mu ’yan Zongo ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma in aka jera mu bisa ƙoƙari, can ƙarshen benci ake samunmu, ni ne mai tsaron bango. Yayana kaɗai ke kutsawa cikin na gaba. Malaminmu Bafante ne, muna ce masa Ticha. Hausarsa ta kasuwa ce, ya tsince ta wajen mahauta, yana kuma alfahari da ita.

Shekarar da muguwar murar nan mai kisa ta shigo Kumasi, Bature mai duba makarantu ya zo ya yi mana jarrabawa. Yayana ya yi tasa yana tari. Kafin sakamako ya fito jikinsa ya yi zafi kamar garwashi, ma’aikatan likita suka zo suka ɗauke shi zuwa wata doguwar rumfa da aka kafa a bayan gari. Ba a barin mata su je. Innarmu kullum tana dama koko ta ba Baba ya kai, ya dawo da kwanon, ita kuma ta duba ko an sha.

A lokacin unguwarmu Alabar ta yi tsit. Makarar masallacinmu ba ta hutawa, ana ajiye ta ana sake ɗauka. In ka ji kuka a wani gida ba ka tambayar wa, sai ka saurara ka ji ko daga wajen naku ne.

Wata safiya aka tara mu, ’yan kaɗan da muka rage, aka ce za a rufe makaranta. Ina shirin sulalewa Ticha ya kira ni. Na zaci maganar ƙadangaren da ya tarar a aljihun rigarsa ce. Sai ya dafa kafaɗata, yana murmushi, ya ce, “Ɗan’uwa naka ya wuce. Ya wuce da kyau. Je gaya Baba.”

Na san Ticha yana da aboki cikin masu ba da magani a rumfar, don haka ban yi shakka ba. Murmushin ne ya fi ba ni tsoro. Na ce a raina ashe haka Kiristoci ke ba da labarin mutuwa. Ban tambaye shi komai ba, don ba a tambayar Ticha.

Na bi doguwar hanya don kada in bi ta ƙofar gidanmu Inna ta ga fuskata. Na tarar da Baba a rumfa shi kaɗai, yana yayyafa wa goro ruwa. Na faɗa masa yadda aka faɗa mini. Ya yi salati, ya zauna a kan huhun goro, abin da ya hana kowa yi. Can ya ce kada in shiga gida. Ya sayi alawayyo na likkafani, ya kira ƙanensa da wasu maƙwabta biyu, suka ɗauko makara. Amma a Zongo ba a ɓoye makara. Muna fita lungu na ji muryar Inna ta tashi a bayanmu, ban waiwaya ba.

Mai gadin rumfar wani tsohon soja ne Bamoshe. Ya dubi makara, ya dube mu, ya ce ai yau ba a faɗa masa wani ya rasu ba, amma majinyatan suna da yawa, mu shiga mu duba. Warin wurin yana nan a hancina har yau. Mutane kwance a tabarmi jere-jere, wasu an ja musu zane har ka. Yayana yana can ƙurya, fuskarsa ga zana, ba ya motsi. Baba ya durƙusa, ya sa hannu zai juyo shi.

Sai ya yi tari. Ya buɗe ido, ya dubi Baba, ya dubi farin ƙyallen da ke hammatarsa. Da ƙyar muryarsa ta fito. “Baba, na wa ne?”

Baba ya juyo ya dube ni, na tabbata yau tawa ta ƙare. Baffana ne ya cece ni, shi da yake hulɗa da akawunan tasha. Ya sa na maimaita maganar Ticha kalma-kalma, sannan ya ce a bakin Turawa in yaro ya ci jarrabawa cewa suke ya wuce.

Maƙwabta sun yi dariya a hanya, makara ba kowa a kai. Inna ba ta yi ba, har ta bar duniya ba a ba da labarin nan a gabanta. Da yayana ya warke aka buɗe makaranta, Ticha ya zo gida da kansa yana roƙon a mayar da shi, ya ce yaron zai zama babban akawu. Daga bayan labule Inna ta ce a faɗa masa ta riga ta yi kukan wannan ɗan sau ɗaya, ba ya komawa. Ta tambaya ni fa, me aka ce a kaina. Ticha ya ce ni na tsaya, ban wuce ba.

Ta ce to, wannan ya koma.