Saura Kiris da Rigar Maman Auta

Duk unguwar ba mai kiransa da sunan yanka. Saura Kiris ake ce masa, don in ya tsayar da kai gaban kyamara, ya kanne ido ɗaya yana murza gilashi, to "saura kiris" za ka yi ta ji har murmushin da ka shirya ya bushe maka a fuska. Wani direba ya rantse da sabon aski ya shiga shagon, ya fito gemu ya tsiro. Ƙarya yake yi, amma ba sosai ba.

Tun da ya fara sana'ar hoto bai taɓa sayen sabon abu ba. Kyamarar gwanjo ce, ƙafa ukun da take tsayawa a kai an ɗaure ɗaya da waya, jakar kuwa zif ɗinta ya riga mu gidan gaskiya. Aljihun ne bai kai ba, shi kuma ya mai da rashi ilimi. Abin da ya fi so a duniya shi ne tsohon idon kyamara, wato gilashin nan na gaba da ake cirewa a sauya.

"Sabon ido ba shi da kunya," in ji shi. "Har ƙurjin da bai fito ba sai ya nuna. Tsoho kuwa ya san mutuncin mutane."

Duk ranar da ba aiki yana gaban teburin Mai Gwanjo a bayan tasha. Zai ɗauki ido ya sunsuna, ya girgiza shi kusa da kunne, ya haska ciki da tocila, sannan ya yamutsa fuska kamar an ba shi magani mai ɗaci. Mai Gwanjo ya san wannan fuskar: ta wanda abu ya shiga ransa ce. Sai ya bar shi ya tafi da idon gida ya gwada, kuma goma da ya ɗauka tara suna dawowa.

Gwajin nan hanyarsa ɗaya ce shekara ashirin. Zai tsaya bakin ƙofar ɗaki ya saita matarsa, Maman Auta, tana kan keken ɗinki kusa da taga. Wai hasken wurin ya fi kyau, kuma a gidan ita kaɗai ce ke zama wuri ɗaya. Bai yarda da allon kyamara ba, don haka sai ya wanke hoton ɗan ƙarami, ya yi rubutu a bayansa, ya jefa a kwalin takalmi a kan kabad.

To ga inda gizo ke saƙar. Mutumin da ya ɗauki hoton kowa a unguwa, har da akuyar maƙwabci da ta ɓata aka gano, bai taɓa zaunar da matarsa ya yi mata hoto na kirki ba. Kullum sai ya ce idon da ya dace da ita bai zo hannu ba tukuna.

"Inuwar giginya!" haka take ce masa. "Na nesa ke shan ka."

Ana nan, autarsu da ke aiki a wani gari mai nisa ta bugo waya tana son hoton mahaifiyarta ta rataya a ɗaki. Maman Auta ta kashe waya, ta juyo.

"Baban Auta, zan ɗinka riga. Ran Asabar in ba ka ɗauke ni ba, wallahi titi zan tsallaka."

 A tsallaken titi akwai sabon shagon hoto mai fararen fitilu, inda ake goge wa tsohuwa fuska a kwamfuta har jikokinta su kasa gane ta. A ce matar Saura Kiris ta zauna a can, ta biya kuɗi, unguwa tana kallo? Gara ya rufe shago ya koma tallan katin waya.

Washegari Allah ya haɗa shi da idon da yake nema, a teburin Mai Gwanjo, a ƙasan wani kwali ƙarƙashin cajoji. Baƙi ne, duk ƙarfe, ga nauyi kamar dutsen guga. Irin wanda ke fito da fuska tsaf, bayanta ya narke. Ya haska tocila, sai ga hunhuna a ciki ta yi yaɗo kamar saƙar gizo.

"Wannan ai ya mutu," ya ce.

"In ya mutu ajiye shi," in ji Mai Gwanjo.

Bai ajiye ba. Aka yi ta ja, har ya haɗa da tsohuwar fitilarsa ta hoto aka daidaita. Mai Gwanjo ya ba shi shawara kyauta: ya cire murafen gaba da baya ya shanya idon a rana, hunhuna ba ta son rana.

Ran Asabar da hantsi ya fito da kujera tsakar gida, ya ɗora idon a kai ya sha rana. Idon yana ta gangarawa, sai ya leƙa ɗakin ɗinki ya zaro wani yadi da ya gani a ninke kan tebur, ya tokare shi da shi, gilashin yana kallon rana. Shi duk yadi ƙyalle ne. Ya koma shago, don wata mata ta kawo tagwaye hoton makaranta, ɗaya na kuka ɗaya na gudu.

Yana tsakiyar "saura kiris" ya ji ƙauri, sannan ya ji salati.

Ya tarar da Maman Auta riƙe da sabuwar rigarta mai ruwan bula, wadda ta kwana uku tana ɗinki ta goge da safen nan. Ashe gilashin ya tattara rana wuri ɗaya ya huda yadin. Da yake a ninke yake, da ta warware sai ga huda takwas, huɗu a dama huɗu a hagu, a jere kamar da gangan.

"Kai, amma sun yi daidai," ya ce. Bakinsa ne ya riga hankalinsa.

 Ta shige ɗaki, ta miƙa hannu kan kabad za ta ɗauko jakarta ta fita, ta fizgo da ƙarfi. Kwalin takalmin ya biyo jakar, ya tarwatse a ƙasa.

Ita ce ko'ina. Ɗaruruwan ƙananan hotuna, duk a kan keke, duk kusa da taga. Ga ta da goyon Auta. Ga ta da allura a baki. Ga ta ranar da ta fara sa tabarau. Wani ya yi dishi-dishi, wani ya yi ja, wani gefensa duhu.

Ta durƙusa ta juya ɗaya. "Gefen hagu ba kyau. A mayar," ta karanta. Ta juya wani. "Idon banza ne. Amma ta yi dariya, kar a yar." Wani kuma: "Ta rame bayan zazzaɓi. Laifin idon ne, in Allah ya so."

Saura Kiris ya ji kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. "Gwaji ne kawai, Maman Auta. Ba hotuna ba ne."

Ta zaɓi wanda take dariya, ta miƙa masa. "Wannan za ka ƙara wa girma ka aika wa Auta."

"Haba! Dubi kunnenki, bai fito ba. Idon nan ma na mayar da shi tun..."

"Auta ta san ina da kunne."

Ta ajiye jakar. Ta kwashi rigar ta zauna kan keke, ta fara gwada wasu fararen ƙyallaye a kan hudojin, tana ƙunƙuni wai sai ya biya ta yadi ko da ƙafa ukun nan zai sayar. Shi kuwa ya lallaɓa tsakar gida ya ɗauko idon, har yanzu da ɗumi, ya ɗaura a kyamara. Mai hali ba ya fasa halinsa. Ya tsaya bakin ƙofa a hankali, kamar yadda ya saba, yana zaton ba a ji shi ba.

Ba ta waiwayo ba. Hannu kawai ta ɗaga ta gyara ɗankwalinta, ta ɗan karkata fuska wajen taga.

"Shekara ashirin ina gyara ɗankwalin nan duk na ji takunka a ƙofa," ta ce, ƙafarta na kan keke. "Kai mai ido da yawa, ba ka taɓa lura ba. Ɗauka mana."

Ya ɗaga kyamarar, ya murza, ya sake murzawa. Komai dishi-dishi yake gani, kuma wannan karon ba laifin gilashin ba ne. Ya goge idonsa da hannun riga.

"Saura kiris," ya ce.