Curin Shunin Malam Mukhtaru

Duk wanda ya taɓa kai guga shagon Malam Mukhtaru a unguwar Mansur da ke Makka ya san ba a fita da wuri. Kana miƙa masa jallabiyarka zai ɗauko maka labarin marinar Kura, inda ya tashi, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Marini ne ɗan marini. Ya zo aikin hajji yana saurayi, ya zauna, sai ya tarar mazan Makka ba su san komai ba sai farin tufa. Dole ya kama dutsen guga, yau shekara arba'in da ɗoriya.

'Ya'yansa duk nan aka haife su. Da ya fara zancen rini sai su ce da Larabci "ɗayyib, ya abuya," wato "to, baba," su ci gaba da latsa waya. Abin yana ci masa rai, don ya san ranar da aka kai shi makwanci sana'ar gidansu ta bi shi. Abin da ya rage masa daga gida curin shuni ne guda na ganyen baba, haɗin mahaifinsa, ƙulle cikin tsumma a ƙasan akwati.

Wata la'asar a shekarar 2016, jikarsa Minnatullah, mai karatun sinadarai a jami'a, ta miƙo masa waya. Hoton wani zane ne a bango, can ƙasar Meziko, aikin mutanen da ake kira Maya. Ta ce shuɗin nan ya haura shekara dubu bai koɗe ba.

"Da me suka yi shi?"

"Da shuni irin naku, kaka, da wani farin yumɓu. A niƙa su tare, a ba su zafi. An ce in haɗa, in sa a na'urar da ke haska abu ta zana layin da ke nuna ko shunin ya kama yumɓun. Na kamfani gare mu, malamarmu kuwa na ganye take so."

Tsohon da sai ya dafa bango yake miƙewa, ranar da sassarfa ya hau bene. Ya kwance tsumman yana dariya, ya raba curin biyu.

Da ta fara gaya masa yawan zafin da ake so, ya katse ta. "Ni za ki koya wa wuta, amarya?" A Kura, idan an kwashe katsi, wato laka mai taruwa a gindin ramin rini, wuta ake ba shi ta gaske. Haka ya yi washegari a saman bene, da gawayi da mafici, yana fifita yana kirari. Sai ga wani hayaƙi mai ruwan hoda ya tashi, kyakkyawa ƙwarai, iska ta tafi da shi. Aka duba kasko, toka ce zalla. Rabin shunin mahaifinsa ya tafi.

Can ya ce, "Faɗi zafin naki."

Ta faɗi lamba. Lamba ba ta gaya masa komai ba. Ta ce ya ɗan fi na tafasasshen ruwa, amma a daɗe ana yi.

Ya zabura. "Ai zafin gugar ulu ke nan. Tun ɗazu ki ce haka mana."

Ya rufe shago daga hantsi. Ya niƙa sauran rabin da yumɓun har ya yi laushi, ya shimfiɗa tsakanin faranti biyu na ƙarfe, ya ɗora dutsen guga. Lokaci-lokaci yana ɗaga shi kusa da kuncinsa, ya rage ko ya ƙara. Masu kaya suna ta bugun ƙofa, yana cewa su dawo gobe. Bayan la'asar suka buɗe. Garin da ya shiga baƙi-baƙi ya fito shuɗi mai haske, da ɗan kore a cikinsa. Minnatullah ta rasa da wane harshe za ta yi murna, ta haɗa duka biyu.

Ta tafi da garin jami'a. Kwana biyu yana safa da marwa tsakanin shago da bakin titi. A na uku ta shigo tana haki, da takarda mai layuka biyu, na tsohon zanen da nasu, suna hawa suna sauka kusan tare. Ta ce ta zuba masa ruwan asid, ko gezau.

Ya daɗe yana bin layukan da yatsa kamar mai karatu. Sannan ya ce a hankali, "To, shunin dai ya ƙare."

Ta jawo kujera, ta buɗe littafi, ta ce da Hausarta mai ɗingishi, "Shi ya sa. Kaka, yaya ake yin wani? Fara daga farko."

Mutumin da ya shekara arba'in yana wannan zance ya dubi littafin. Ya goge ido da hannun riga, ya gyara murya.

"Rubuta. Ganyen baba ba a yankarsa sai ya kusa fure."