Liman da Motar da Ba Ta Isa Agadez Ba

Malam Musbahu mutumin Damagaram ne. Ya zo Tamanrasset aikin gini, yana ɗaukar bulo a unguwar Gataa El Oued, har ciwon baya ya zaunar da shi. Da yake ya fi mu karatun addini, muka sa shi gaba a rumfar kwanon da muke salla, bayan shagon Alhaji Sa'idu, ɗan kasuwar da ya ba mu wurin. Ba hukuma ta naɗa shi ba. Shi ke raɗa suna, shi ke wanke gawa, shi ke raba faɗan masu haya ɗaki ɗaya. Ba ya da yawan magana. In dariya ta kama shi, sai ya rufe giɓinsa da hannun riga.

Abin da ya raba shi da jama'a daga gidana ya fara. Ɗana Abdulfatah ya shiga mota zuwa Agadez tare da wasu samari. Direban ya kauce wa hanyar dowan, wato 'yan kwastan, ya yanki hamada. Ba su isa ba. Jandarma sun samu motar, ba kowa ciki, ba kowa kusa da ita.

Da watanni suka ja, mu iyayen samarin muka je wurin Malam. Muka roƙe shi ya yi musu sallar gawa ko da babu gawa, ya sanar sun rasu, mu karɓi gaisuwa kamar kowa. Walida, matar Abdulfatah, tana zaune a gidanmu, ba ta san ko matar aure ce ko mai takaba ba.

Malam ya ce a karatun da ya yi ba a sallatar wanda ba ya gaban liman, kuma yanke mutuwar wanda ya ɓace aikin alƙali ne. Alhaji Sa'idu ya tambaye shi wurin wane alƙali za mu je, mu da yawancinmu ba mu da takardar zama.

"Malam, don irin wannan rana muka sa ka gaba," in ji Alhaji. "Fatiha kowa ya iya ta."

"To, Alhaji, in na ce ya mutu, aka aurar da matarsa, sai ga shi ya shigo da ƙafarsa, wa zai tsaya gabansa? Kai?"

Bai yi sallar ba. Abin da ya yi shi ne, duk Juma'a ya bi tasha yana tambayar direbobi, ya wuce asibiti ya duba fuskokin waɗanda aka kwaso daga hamada. Jama'a suka kira wannan taurin kai. Wasu suka ce ai ba ɗansa ba ne. Sahu ya riƙa raguwa.

Daga baya Alhaji ya kawo wani matashin malami daga Maradi, Muhammad Kabir, wanda ya ce akwai malaman da suka halatta sallar gawa ko babu gawa. Wata la'asar Malam Musbahu ya iso ya tarar da shi a gaba. Ya cire takalmi, ya shiga sahun ƙarshe, ya bi shi salla.

An yi wa samarin salla. Na tsaya a sahun farko, gabanmu ƙasa ce kawai. Walida ta yi takaba, ta koma wurin iyayenta. Malam Musbahu ya koma ƙauyen Outoul a wajen gari, yana ban ruwa a lambun wani Buzu.

Bara wata motar ta ɓace. Ba a daɗe ba aka sallaci mutanen cikinta, kuma ba wanda ya je tasha tambaya. Malam Musbahu kaɗai ke zuwa. Yakan shigo taksi ranar Juma'a, ya gama zagayensa, ya tsaya ƙofar gidana ya ce, "Baban Abdulfatah, ban ji komai ba tukuna."

Duk ranar da ya zo, matata Rakiyatu ba ta iya cin abinci. Ta roƙe ni in ce masa ya daina zuwa. Juma'ar da ta wuce na faɗa masa. Ya ce, "To." Sannan ya tambaye ni ko tashar ma ya daina zuwa. Na ce masa e.